Ranar da Barakatu Ta Ƙi Kallon Penda

Ludayin yana hannun Barakatu tun kafin Penda ta gama sauke ƙwaryar daga kai. Ta tsoma shi cikin nonon, ta kai baki, ta juya shi a harshe kamar mai neman laifi, sannan ta haɗiye ta yatsine fuska.

"Yau ma kogi kika tatsa," ta ce. "Saura kaɗan in ga kifi ciki."

"Ke da aka haifa bisa dutse, ina kika san nono?" in ji Penda, tana warware gammo. "Aje ludayin nan, baiwar ubana, kahin ki shanye mani jari."

"Ludayin nawa ne."

"Abin Arawa duk na Fulani ne. Har ke."

Haka safiya ke buɗewa a ƙofar wani asibiti da ke bakin hanyar Guene, nan Malanville. Tururin kunu yana tashi cikin ganyen itacen bedi, manyan motocin albasa suna wucewa da ƙamshinsu, matan nan biyu suna zagin juna. Mu da muke zaune bencin kunu ba ma ɗaga kai. Baƙo ne kaɗai ke tsayawa da kofi a hannu yana jiran a kai duka, har wani ya gaya masa cewa Barakatu 'yar Arawa ce, Penda kuwa Bafillata, kuma Arawa da Fulani taubasai ne tun kakanni. Abin da za su faɗa wa juna, in wani ya faɗa, sai an je gaban jandarma. Su kuwa da shi suke gaisawa.

An haifi Barakatu a wani ƙauye kusa da Dogon Dutsi, aka yi mata tsagar gidansu, doguwa daga gefen baki zuwa kunne. Penda ta ce an ƙara mata baki ne da aska don tuwo ya samu hanya. Barakatu ta ƙetaro gadar kogi daga Gaya tana amarya, a bayan mijinta Mahamadu, wanda aikinsa ɗinke bakin buhunan albasa ne a kasuwa. Ta haifi 'ya'ya, ta koyi yaren Dendi a bakin famfo, ta koyi Faransancin ciniki, wanda ba ya wuce gaisuwa da farashi. Da Mahamadu ya rasu, damina ce, kogi ya cika ya shiga gonakin shinkafa. Mata suna ta shigowa gaisuwa da murya ƙasa-ƙasa. Penda ta zo daga rugarsu ta wajen Toumboutou da laka har gwiwa, ta zauna, ta dubi hular mamacin rataye a ƙusa, ta ce ai Allah ya hutar da hular nan, ta daɗe tana ɗauke da kan Ba'are. Barakatu ta yi dariya da hawaye a fuska. Ita ce dariyarta ta farko cikin takaba.

Bayan takaba ta kafa tukunya a ƙofar asibiti, Penda ta kafa ƙwarya kusa da ita. Gashin kansu ya yi fari a wurin. Ko shekarar da aka rufe gada, mutanen ƙetare suka koma shigowa da jirgin ruwa, tukunyar ba ta kwana da kunu ba, don ciwo ba ya jiran a buɗe iyaka. Barakatu ba mai dukiya ba ce, amma ban taɓa jin ta ce rana ta yi mata tsawo ba.

Kowace shekara ɗaliban likitanci suna zuwa asibitin koyon aiki na 'yan makonni. Yawancinsu 'yan kudu ne, suna isowa da farar riga mai layin guga, zafin garinmu ya narkar da layin cikin kwana biyu. Mai kula da su ita ce babbar likita, Lokotoro Latifa, 'yar kudu ita ma, wadda ta daɗe nan har Hausarta ta yi ƙarfi. Ta yi aiki a wurare da yawa kafin ta zo mana, kuma akwai abin da ta sha gani yana ci mata rai: majinyaci ya zo, a dubi kitsonsa ko rawaninsa, ko a ji harshensa na ƙetaren kogi, sai a bar shi a benci. Ƙaramin likita yana tsaye yana gani, ya san ba daidai ba ne, amma bakinsa ya ƙi buɗewa. Ta yi wa ɗalibai magana a kan haka har ta gaji. Suna rubutawa, suna gyaɗa kai.

Sai ta ce za a yi wasan kwaikwayo, amma ba irin na zama a kalla ba. Za a nuna mace mai karɓar marasa lafiya a tebur tana wulaƙanta Bafillata mai goyo, ga ƙaramin likita a gefe ya yi shiru. Duk ɗalibin da abin ya isa, ya ce "Tsaya," ya taso ya karɓi wurin ƙaramin likitan, a sake daga farko, ya gwada abin da zai yi. Cikin ma'aikata ba wadda ta yarda ta zauna teburin nan, kowace tana tsoron a ce halinta ne ta fito da shi. Lokotoro kuwa kullum tana wucewa ta ƙofa, tana jin harshen Barakatu. Ta ga ga mai zagi, ga wadda ake zagi, kuma sun saba.

Alhamis da rana aka taru a ɗakin taro. Aka kira mu 'yan bencin kunu mu cika layin masu jira. Barakatu ta sa farar rigar aro wadda ta matse ta a kafaɗa, ta zauna bayan tebur. Penda ta shigo da ƙunshin zane a baya a matsayin jariri.

"Ke 'yar daji, nan ba ruga ba ce," in ji Barakatu. "Kin ɗaure saniyar waje, ko ita ma allura za a yi mata?"

Penda ta manta ɗanta ba shi da lafiya. "Tana waje," ta ce. "Ta leƙo ta ga tsagarki, ta ce ta warke."

Muka fashe da dariya. Wani ɗalibi ɗan arewa mai suna Zahiru ya juya maganar zuwa Faransanci, sauran suka fashe su ma. Daga nan abin ya ƙwace. Barakatu ta ce Fulani ba su wanka sai ruwan sama ya kama su a hanya, Penda ta ce Arawa sun ga madubi sun kai ƙara wurin sarki. Ƙunshin zanen ya zame ya faɗi ƙasa, ba wanda ya kula. Har aka gama ba ɗalibin da ya ce "Tsaya." Ɗaya daga cikinsu ya tambaya da gaske, mene ne za su gyara, tunda duka biyun suna jin daɗi.

Lokotoro Latifa ta yi dariya har ta share ido. Amma da ɗakin ya watse ta riƙe hannun Barakatu.

"Tanti, ba wannan ba ne."

"Kin ce in zage ta, na zage ta."

"Kin zage ta kamar mai sonta. Kowa ya gani. Abin da yaran nan za su tarar a bakin aiki ba dariya cikinsa. Alhamis mai zuwa za mu sake. In ba za ki iya ba, babu laifi, sai in nemi wata."

Barakatu ta koma bakin tukunyarta. Tun tana ƙarama ta ji manya suna cewa taubashi ana zaginsa, ana ƙwace masa hula, amma ba a sa shi kuka da gaske, wanda ya yi haka ba ya ganin daidai. Wannan ya tsaya mata. Sai dai abin da ya fi tsaya mata ba na kakanni ba ne. Penda ɗaya gare ta. In ta zauna bayan teburin nan ta yi mata wulaƙanci na gaskiya a gaban mutane, ko da sunan wasa, ba ta san abin da zai rage tsakaninsu da safe ba.

Ranar Asabar da la'asar, ciniki ya yi sanyi, ta ce wa Penda ta fasa.

"Su nemi wata. Ni kunu nike saidawa."

Penda tana wanke ƙwarya. Ta daɗe tana goga wuri ɗaya.

"Kin san abin da ya sa kika kasa?" ta ce. "Kina tsammani zagi ne. Wadda ta yi mani, ba ta zage ni ba. Da ta zage ni, da na samu abin riƙewa."

Barakatu ta aje murfin tukunya. Duk shekarun nan ba ta taɓa jin wannan labari ba.

Penda ba ta faɗi garin ba, ba ta faɗi asibitin ba. Ta ce lokacin ɗanta Sambo yana goye, jikinsa kamar garwashi. Ita ta fara isa. Matar teburin ta kira wanda ya zo bayanta, ta kira na bayansa. Da Penda ta miƙe ta matso, matar ba ta ɗago ba, ta nuna mata benci da leɓe. Da rana ta take aka zo kanta, matar ta ɗaga zanen goyon da yatsa biyu, ta kau da hanci, ta juya ta ce wa wani, "Mutanen nan sai ya kusa mutuwa su kawo shi," kamar Penda bango ce. Da ta tashi shiga wurin likita, ta waiga ta ga ana yayyafa ruwan jabel, na kashe ƙwayoyin cuta, inda ta zauna.

"Sambo ya tashi, gashi can da shanunsa da 'ya'yansa," in ji Penda. "Amma akwai wani yaro da farar riga tsaye gefen tebur. Ya ga komi. Muka haɗa ido, sai ya dubi takalminsa. Shi nike tunawa, ya fi matar. Yaran nan na Lokotoro, shi ne su."

"To a sa wata ta yi maki."

"Wata ta riga ta yi mani. Ba ni son wata."

"In na yi," in ji Barakatu, "za ki riƙa ganin matar nan a fuskata."

Penda ba ta ce a'a ba. "Wataƙila," ta ce. "Ban sani ba. Sai an yi."

Kwanakin da suka biyo baya Penda ce malama. In layin kunu ya ragu, sai ta ce, "Kira wani, kada ki dube ni." Barakatu ta kira wani, idonta ya zame ya koma kan Penda. "Kin duba." Ta sake. "Bakinki na motsi, zagi na son fita. Haɗiye shi." Mu a benci muna sha muna kallo, ba mu sa baki ba. Da safe kuwa zagin yana nan, amma na lura Barakatu tana yinsa da sauri-sauri, kamar mai cika tulu kafin a ɗauke ruwa.

Alhamis ta zo da zafi. Fankar ɗakin taro tana juyawa a hankali, tana raba iska ɗaya ga mutum talatin. Ɗalibai sun zauna da murmushi a shirye, suna jiran dariyar makon jiya.

Penda ta shigo da goyonta ta yi sallama. Barakatu ba ta amsa ba. Ta gyara wani abu a tebur, ta ɗaga kai ta bi ta saman kafaɗar Penda da ido, ta yafito wanda ke bayanta. Penda ta zauna. Ta jijjiga ƙunshin zanen, ta taɓa shi da bayan hannu. Ta miƙe ta matso. Leɓen Barakatu ya nuna benci. Murmushin ɗalibai ya fara sauka ɗaya bayan ɗaya, kuma Zahiru bai juya komai zuwa Faransanci ba, don ba a ce komai ba. Da aka zo kan yatsa biyu, na ji wata ta ja numfashi a bayana. Barakatu ta ɗauki kwalbar ruwa ta fara yayyafa wa bencin.

"Tsaya," in ji wani dogon saurayi. Ya taso ya karɓi wurin ƙaramin likita, aka sake daga farko. Da Barakatu ta tsallake Penda, ya buga tebur ya ce wannan rashin imani ne, zai kai ƙara sama. Lokotoro ta riga ta gaya wa Barakatu kada ta sauko sai in abin da aka yi ya saukar da ita da gaske. Barakatu ta naɗe hannu ta ce, "Kai da ka zo jiya? To zo ka zauna teburin." Suka yi ta musu. Lokotoro ta tsayar da su ta tambayi ɗakin, ina mai goyo take yanzu. Kowa ya waiga. Tana benci, inda take.

Zahiru ya gwada da wasa, ya kira Barakatu Mama, ya ce ta taimaka don Allah. Ta ce masa to, ta ci gaba da kiran wasu. Wata ta taso, ta tsaya gefen tebur, bakinta ya buɗe ya rufe, ta koma ta zauna tana kuka kaɗan-kaɗan. Lokotoro ta ce gara ya faru nan. Kowane gwaji, sai Barakatu ta sake ƙin amsa sallamar, ta sake ɗaga zanen da yatsa biyu. Zufa ta jiƙa bayan farar rigar. Penda kuwa fuskarta ta rufe kamar ƙofar gidan da aka yi tafiya.

Can wata 'yar siririya mai suna Senami ta ce "Tsaya" da muryar da ba kowa ya ji ba. Aka sake. Da Penda ta yi sallama ba a amsa ba, Senami ta amsa mata, da Hausar da ta tsinta a bakin ƙofa. Ta je ta zauna a bencin, jikinta yana taɓa na Penda, ta sa tafin hannunta gaba ɗaya a kan goyon. Sannan ta ce wa Barakatu, ba da ƙarfi ba, "Tanti, wannan ta fara zuwa, kuma yaron da zafi. Ni zan shiga da su." Barakatu ta ce akwai layi. Senami ta ce ta sani, ita ce farkonsa. Ta tashe su ta kai su bayan labule. Ta dawo ita kaɗai, ta sunkuya kusa da kunnen Barakatu ta ce abin da ta gani bai yi mata daɗi ba, kuma in ta sake gani za ta faɗa a gaban Lokotoro. Barakatu ta ɗauki kwalbar ruwan, ta dubi bencin, ta dubi yarinyar, ta mayar da kwalbar.

Aka daɗe ana magana bayan haka. Wasu suka ce Senami ta yi sanyi da yawa, wasu suka ce a wurin aiki na gaske matar tebur za ta rama a kanta wata rana. Lokotoro ba ta raba gardamar ba. Dogon saurayin ya ce shi abu ɗaya ya ɗaure masa kai: kullum yana jin matan nan a ƙofa suna faɗa wa juna abin da ya fi wannan muni, ta yaya baƙo zai gane wasa da wanda ba wasa ba?

Barakatu ta ce, "Ku ne masu karatu." Ba ta ɗaga kai ba.

Penda ce ta amsa, tana kwance goyon. "A ƙofa ina da baki, ɗana. Ta faɗi ɗaya in faɗi biyu. A bencin can, yaro na ƙuna a bayana, maganin yana hannunta, da wane baki zan rama?"

Ɗalibai suka fita suna magana ƙasa-ƙasa. Lokotoro ta yi godiya, ta ce wata mai zuwa wasu sababbi za su iso, in Allah ya kai mu. Sannan ta bi ɗalibanta. Ni ƙafata ta yi tsami, ina zaune ina murza ta a ƙarshen ɗaki.

Barakatu ta cire farar rigar, ta ninke ta, ta warware, ta sake ninkewa. Penda tana kan bencin da aka yayyafa wa ruwa, zanen yana cinyarta.

"Penda."

Penda ta ci gaba da shafa zanen.

"Penda, da ke nike."

"Kin iya," in ji Penda.

"Ke kika koya mani."

"Ban ce ki iya har haka ba."

Fankar ta yi ta juyawa. A waje wata mota ta yi ƙaho wajen kasuwa. Barakatu ta zagayo teburin ta tsaya gabanta, hannuwanta a sake, kamar yarinyar da ta fasa tulu.

"Duƙo nan," in ji Penda.

Ta duƙa. Penda ta kama haɓarta, ta juya fuskar wajen taga, ta juya ta ɗaya gefen. Ta daɗe tana dubawa, kuma dubawar gaske ce, don na ga idonta yana bin goshin da hancin da bakin a hankali. Barakatu ba ta ƙifta ba.

"A'a," in ji Penda, ta sake ta. "Ba ita ba ce. Waccan kyakkyawa ce."

Barakatu ta sauke numfashin da ta riƙe tun Asabar. Ta miƙe, ta dafa ƙugu, ta goge ido da gefen gyale.

"Allah wadaran Bafillata," ta ce.

"Amin, in ya fara da Arawa. Ɗauki ɗana, bayana ya gaji."

Barakatu ta karɓi ƙunshin zanen da hannu biyu, ta rungume shi a ƙirji.

"Sababbin da Lokotoro ta ce fa?" ta tambaya.

"Sai na yi shawara da shanuna. Tahi ki duba tukunyarki, na ji ƙauri tun ɗazu."

Ba ƙaurin komai, wutar ta mutu tun azahar. Amma Barakatu ta aje farar rigar a kan tebur, ta gyara ƙunshin a kafaɗa, ta tura ƙofar da ƙafa ta fita.